Tambayar Jikar Hajiya a Soro

Shekarun baya, ban daɗe da fara aikin jinya ba, nakan je wani gida a unguwar Koki in wanke wa wata Hajiya ƙafa. Ciwon suga ne ya ci mata yatsa, ɗanta Alhaji kuma ya fi so a riƙa zuwa gida maimakon a yi ta jigilar tsohuwa zuwa asibiti. In na tashi daga aiki sai in hau a-daidaita-sahu, in ƙarasa da ƙafa ta cikin lunguna.

Ni Bahaushiya ce, kuma 'yar Katolika, haka na taso na tarar da iyayena. Da yake ina yafa mayafi, Hausata kuma ba gargada, ba kowa ke ganewa ba, ni ma ba na neman a gane. A lokacin gari bai daɗe da lafawa ba daga wata hatsaniya da ta tashi a kan wata maganar addini da aka ce wani ya faɗa. Kullum zan fita sai mahaifiyata ta ce, "Ki yi aikinki, ki kama bakinki."

Wata rana an kira la'asar ina tsakiyar aiki, Hajiya ta ce a shimfiɗa mini sallaya. Dole na ce, "Hajiya, ni Kirista ce." Ta dube ni ta ce, "Ikon Allah! To, Allah ya shirye mu baki ɗaya," ta miƙo mini ƙafarta muka ci gaba. Amma jikarta, 'yar Alhaji, wadda ba ta wuce shekara goma sha biyar ba, ita da ke riƙe mini robar ruwa, tun daga ranar ta kafa mini ido.

Ta fara da tambayar cocin da nake zuwa. Na ce ta Katolika. Sai tambayoyi suka ɓalle. "Anti, da gaske kuna bauta wa Nana Maryam?" "Anti, me Fada, limamin cocinku, yake yi da zunuban da ake gaya masa?" Ni kuwa amsata ɗaya ce: "Miƙo mini almakashi." Ban taɓa neman almakashi a rayuwata kamar a makonnin nan ba.

Ran nan ta ɗauko jakata ta rako ni. Muna isa soro sai ta tsaya ta ƙi ba ni jakar. Ta ce, "Anti, kakata ta wajen uwa 'yar cocinku ce. Ummana musulunta ta yi kafin ta auri Baba. Bara kakar ta rasu."

Na yi mata gaisuwa, ina satar kallon ƙofa.

Ta ce, "Duk hutu sai ta aiko mini da gyaɗa da zuma. Wata a makarantarmu ta ce ai ku Kiristoci duk 'yan wuta kuke ɗaukarmu. Ke nan ta mutu tana ganina 'yar wuta?"

Hawaye ne ke zuba a fuskarta. A nan dai almakashi ba zai cece ni ba. Na rage murya na ce mata a'a. Na ce a cocinmu ana koya mana cewa Musulmi Allah Mahalicci suke bauta wa, mai jinƙai, kuma an hore mu da mu girmama su. Maryamu kuwa ba ma bauta mata, roƙonta muke ta yi mana addu'a. Hukuncin wanda zai tsira kuma ba a hannun Fada yake ba, balle ni.

Ta ce, "To a ina muka rabu?"

Ƙarya ba zan iya yi mata ba, gaskiyar kuma na san nauyinta a wannan unguwa. Na ce, "A kan Yesu. Ku kun ce annabi ne. Mu mun yi imani Ɗan Allah ne. Wannan bambanci ne na gaske, ba zan ɓoye miki ba. Amma matar da take aiko miki da zuma, na tabbata addu'a take yi miki, ba tsinuwa ba."

Ban rufe baki ba na ji gyaran murya. Ashe Alhaji yana cikin shagon da ke jikin soron, labule kawai ya raba mu. Ya fito da carbi a hannu, ya ce wa yarinyar ta shiga gida. Sannan ya ce, "Malama, gobe ki zo da wuri. Akwai magana."

Ban san yadda na fita daga lungun ba. Samarin da ke zaune a majalisa, waɗanda kullum nake gaisarwa, ranar gani nake duk sun ji abin da na faɗa. Wani yaro ya rugo a bayana, saura kaɗan in yar da jaka, ashe ƙwallonsa ya biyo. A gida mahaifiyata ta ɗora hannu a ka. "Ba za ki koma ba! In ya tara miki mutane fa?" Amma ƙafar Hajiya ta fara warkewa, in aka yi sakaci da ita yanke ta za a yi. Da safe na durƙusa na yi addu'a, na gaya wa mahaifiyata kwatancen gidan saboda ko ta kwana, na fita tana kuka.

Ina shiga na ga takalma jibge a ƙofar falo. Na ɗauka mutane aka tara mini. Sai da na ji shewa na gane mata ne 'yan dubiya suka zo wajen Hajiya.

Alhaji ya sa aka kai ni ɗakin matarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Malama, na ji duk abin da kika faɗa. Aƙidarki ban yarda da ita ba, kin sani. Kuma da kin turo 'yata wajena da na fi so. Amma ba ki zagi addinina ba, ba ki kuma yi mata ƙarya ba. Yarinyar nan tun rasuwar ba ta da walwala, mun rasa dalili. In ta sake tambaya ki amsa, amma a gabana ko a gaban uwarta." Sannan ya ce, "Ita ma uwar tana da tambaya." Ya saki labule ya fita.

Matar ta daɗe tana murza bakin zaninta. Can ta ce, "Ranar da aka binne Inna, na je garin, amma a waje na tsaya, ban shiga cocin ba. Don Allah, me ake faɗa a kan mamaci a wajenku?"

Na gaya mata ana roƙon Allah ya gafarta masa, ya ba shi hutu na har abada, ya haskaka masa. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ne jigon. Ta kifa kai a gwiwa ta yi ta kuka, ni da na zo da shirin mutuwa na koma lallashi.

Ƙafar Hajiya ta warke, aikina a gidan ya ƙare. Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Har yau in aka yi mini tambayar addini sai na waiga na ga wa ke kusa. Abin da ya sauya shi ne, yanzu nakan tsaya in ji wa mai tambayar ya rasa kafin in fara neman hanyar gudu.