Kwalbar da Tambaya Ta Ɗaure wa Jikanta

Babu wanda ya taɓa fita daga gidan Malam Hambali da niyyar kwana a wani gari bai tafi da ƙunshin matarsa Inna Tambaya ba. Ko Kano za ka, nan kusa, sai ta tare ka a zaure da ƙullin tafarnuwa da garin citta, ta cusa maka a aljihu kana so ba ka so. 'Ya'yanta maza kan tsokane ta, wai ko gona mutum zai je ya dawo da azahar sai an ɗora masa kemis guda a kai. Ita ko a jikinta. Ta ce su yi ta dariya, ranar da ciki ya murɗa a bakin hanya za su tuna da ita.

An haife ta tun kafin a janyo ruwan Tiga zuwa wannan yanki na Kura da Bunkure, lokacin da wajen yake daji. Uwarta Hajara Bafulatana ce, ita ta riƙa jan ta cikin itatuwa tana nuna mata wanda ake sassaƙa da wanda ko akuya ba a bari ta lasa. Daga baya katafila ta zo ta share dajin, aka haƙa kanal, shinkafa da tumatir da albasa suka maye wurin marke da maɗaci. Mutane suka samu abin hannu, sauro ma ya samu gidan zama. Tambaya ta haihu tara, ta binne huɗu. A cikin huɗun nan akwai wanda har gobe bai bar ranta ba, wato Jaji, ɗan shekara uku, wanda zazzaɓi ya kama a bayan a-kori-kura suna dawowa daga biki. Ya cika a cinyarta, hannunta babu ko ƙwayar tafarnuwa da za ta shafa masa. Tun daga ranar tsoron hanya ya shige ta bai fita ba. Wannan ƙulle-ƙulle da ake yi wa dariya, tsoro ne tsagwaronsa, ba iyayi ba.

A ranin shekarar 2005, tumatir yana tsakiyar fure, autarta Zuliha ta gama wankan jego a gida. Shekara shida ke nan da aka kai ta Saminaka, gidan Nasiru mai sayar da masara, kuma duk zuwan da ta yi da ƙunshi take komawa. Wannan karon ga jaririya Nafisat a baya, ga Amiru ɗan shekara huɗu yana fama da wani busasshen tari. Ranar da Nasiru ya zo ɗaukarsu, Tambaya ta wuni a kan tabarma ta baje kayanta: sabara ta mai jego, hulba, habbatus sauda, man kaɗanya a gwangwani, tazargade na turare idan jiki ya yi zafi, zuma 'yar kaɗan don ta yi tsada. Kowane ƙulli da irin tsummansa, don Zuliha ta gane. Babban abin kuwa shi ne jiƙon tarin Amiru, ɓawon marke da maɗaci da tafarnuwa, kwana uku tana haɗa shi. Marken ma sai da ta taka har bayan garin Gafan kafin ta samu bishiyar da ba a tsige ba. Ta tace shi a wata kwalba mai ruwan ƙasa, ta naɗe da baƙar leda, ta ɗora can saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Washegari bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ana ta haɗa kaya cikin gaggawa. Ta miƙa hannu saman kabad ta laluɓo kwalbar, ta ƙara mata zare a wuya, ta tura ta tsakiyar jakar.

"Ki saurare ni da kyau," in ji ta ga Zuliha. "Cokali guda bayan la'asar, yau ɗin nan za ki fara. Wari gare shi, ba na ɓoye miki ba, kada ki tsaya shinshinawa. Ki toshe masa hanci ki ɗura masa, ko ya yi kuka."

"To, Inna," in ji Zuliha, kanta a sunkuye. Haka take cewa kullum, yarinya ce marar musu.

Suka tafi. Tambaya ta share tsakar gida, ta ɗora sanwa, har tana jin daɗin ranta, ta sallami 'ya da jikoki yadda ya kamata.

Hantsi ya dubi ludayi sosai sa'ad da Malam Hambali ya dawo daga gona da tankin feshi a bayansa. Ya wuce kai tsaye ɗakinta, abin da ba ya yi da rana, ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da kwalba a baƙar leda, ya fito da ita tsakar gida.

"Malam, me kake nema a cikin kayana?"

"Maganin tsutsar tumatir ne na ajiye jiya. A awo na sayo shi a Kura, suka zuba mini a kwalba. Na ga yaron nan Amiru ba inda ba ya shiga, shi ne na ce nan ya fi ko'ina tsawo."

Yana magana yana kwance ledar. Ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai tafarnuwa ce."

Ludayin da ke hannun Tambaya ya faɗi cikin toka. Ta ƙura wa kwalbar ido. Jiƙon Amiru ga shi a hannun kakansa. Abin da ke cikin jakar Zuliha kuwa, wanda ta ɗaure da hannunta ta ƙara masa zare, shi ne maganin da bara ya kashe wa maƙwabcinsu tumaki uku don kawai sun ci ciyawar bakin kunya. Kuma ita ce da bakinta ta ce kada a shinshina.

"Innalillahi," in ji Malam Hambali. "Yaushe kika ce a ba shi?"

"Bayan la'asar."

Mayafin da ta fara cin karo da shi ta yafa, ko wutar murhu ba ta kashe ba. Shekara talatin da wani abu da aurensu ba ta taɓa hawa bayan babur ɗin mijinta a gaban jama'a ba, ranar nan ta hau, ta riƙe rigarsa tamau. Suka bi gefen kanal, ruwa yana ta gudu abinsa, ma'aikata suna ɗiban albasa suna ɗaga musu hannu.

A Kura suka tsaya wajen mai waya a ƙarƙashin lema. Nasiru ba shi da waya, sai dai wani maƙwabcin rumfarsa, lambar tana jikin wata takarda a cikin hular Malam. Mai wayar ya danna, ya kara a kunne, ya girgiza kai. Ya sake, ya sake. Wata mata ce kawai take ta magana da Turanci a ciki.

"Baba, ba ta shiga. Can wajen sabis ɗinsu sai a hankali."

"Ɗana, ka ce wa matar nan rai ne," in ji Tambaya. "Ka ce mata yaro ne."

"Inna, ai ba mutum ba ce, na'ura ce."

Suka wuce Kwanar Ɗangora, inda hanyar Saminaka ta rabu da ta Zariya. Wata tsohuwar mota tana shirin tashi, saura wurin mutum ɗaya. Malam ya fara neman inda zai jingine babur, kafin ya waiwayo Tambaya ta riga ta shige ta zauna. Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba, kuma ba ta ma san gidan 'yarta ba, tunda uwa ba ta raka amarya.

"Ki fito, ni zan je!"

"Ni na ɗaure, ni zan kwance," ta ce, ba ta ko dube shi ba. Ya tura mata kuɗin mota ta taga, motar ta ja.

Ba ta ga hanya ba, inuwa take kallo. Duk bishiyar da suka wuce sai ta duba gindinta ta ga ina inuwa ta kai. A Tudun Wada direba ya tsaya sallar azahar, wa zai ce kada a yi salla? Ta yi tata a gefen titi, ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Da suka shiga dajin Falgore motar ta yi tsit, fasinjoji suna ta raɗa labarin 'yan fashi, wata mata tana tura 'yan kunnenta cikin ɗaurin zani. Tambaya ta ji su kamar daga nesa. Da 'yan fashin za su yarda su kai ta Saminaka da gudu, da ta ba su har mayafinta.

Wani tunani ne ya fi cin ta. Idan tarin ya taso wa yaron a mota fa? Zuliha mai jin magana ce, za ta ce bari ta ba shi tun yanzu, ai maganin Inna ne. Ta ga hannun 'yarta yana toshe ɗan hancin nan, ta ga bakin ya buɗe yana neman iska. Ta rufe ido don ta daina gani, sai ta ƙara ganinsa sosai.

A tsakiyar dajin taya ta fashe. Direba ya fito yana tsaki, ya ce safayar ma ba ta da iska sosai, sai an lallaɓa. Maza suka taru suna ɗaga mota, kowa yana waige-waige. Tambaya ta sauka ta kama tafiya a ƙafa, ta miƙe hanya ita kaɗai, sai da wani dattijo ya bi ta ya riƙo gefen mayafinta.

"Baiwar Allah, ina za ki? Ko kwana za ki yi kina tafiya ba za ki kai ba."

Ta faɗa masa. Ya koma ya faɗa wa direba. Daga nan ba wanda ya sake zancen 'yan fashi, kuma da motar ta tashi direban bai ƙara kauce wa rami ba.

Duk da haka, kiran la'asar ya same su a wani ƙauye, Saminaka ba ta ko bayyana ba. Tambaya ta ji ladanin tun daga kabbarar farko har ya kai ƙarshe, ta sa bakin mayafi ta cije. Matar da ke kusa da ita ta kama hannunta ta riƙe, ba ta saki ba har tasha.

Dattijon nan ne ya tsayar mata da ɗan acaɓa, ya ce a kai ta gidan Nasiru mai masara, bayan kasuwar hatsi. Sau biyu suna ɓata lungu. Tana tafe tana kasa kunne, kukan mata take jira ta ji, tana duba ko za ta ga maza zaune a kan tabarma a ƙofar wani gida.

A ƙofar gidan babu tabarma. Amiru ne zaune a kan dakali, ƙafafu duk ƙura, yana shan rake.

"Inna!" ya ce, ya taso da gudu.

Ta durƙushe a ƙasa ta cafke shi, ta buɗe bakinsa tana shinshinawa, ta ɗaga fatar idonsa, yaro ya tsorata ya fashe da kuka. Zuliha ta fito a guje da jaririya a kafaɗa, ta ga uwarta a ƙofar gidanta, ta daskare.

"Inna? Wa ya rasu?"

"Kin ba shi? Kwalbar nan, kin ba shi?"

Zuliha ta sunkuyar da kai.

"Ki yi magana! Guba ce! Maganin feshin babanki ne na ɗauko!"

"Ban ba shi ba, Inna. Wallahi ban buɗe ba."

"Kawo ta nan."

Zuliha ta shige ɗaki, Tambaya tana biye da ita. Ta durƙusa ta janyo wata babbar fanteka daga ƙarƙashin gado. Jakar yau tana sama. A ƙarƙashinta ga wasu, har shida, ƙura ta lulluɓe su. Tambaya ta gane kowacce. Ga ta shekarar da aka kawo amarya, ga ta haihuwar Amiru, wadda ta sayar da kazarta ta sa zuma a ciki. Ko ɗaya ba a kwance ba.

Ta zaro kwalbar, zaren yana nan yadda ta naɗa shi. Ta ajiye ta can nesa da kowa, ta zauna daɓas a kan siminti.

"Baban Amiru asibiti yake kai mu," in ji Zuliha, hawaye yana zuba. "Tun farko ya ce kada a haɗa da na gida. Na kasa faɗa miki. Zubarwa kuma na kasa, hannunki ne ya ɗaura. Ki yafe mini, Inna."

Tambaya ta daɗe tana kallon fantekar. Shekara shida tana barci da daɗi duk ranar da yarinyar nan ta kama hanya, tana cewa ai sun tafi da kariya. Abin ya yi mata zafi, zafi sosai, ba za a ɓoye ba. Amma ga yaron can a bakin ƙofa yana share majina da bayan hannu, da ransa.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce, "da kika ƙi jin maganata."

Sai tarin ya taso wa Amiru, irin mai tuƙe wuya ɗin nan. Hannun Tambaya ya tafi da kansa wajen fantekar, har ya taɓa jakar sama. Ta janye shi, ta danne shi a ƙarƙashin cinyarta.

"Zuliha," ta ce, "me likitan ya ce a ba shi? Ɗauko."