Laimar Aminina Ba Ta Buɗe Ba

Edita, ina gaisuwa. Yanzu na tsufa, amma abin da zan ba ku labari ya same ni ina saurayi, zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa. Baduku ne ni a Ƙofar Kware cikin birnin Sakkwato, ina ɗinka jakunkuna da kube na jar fatar akuya a zauren mahaifina. Ina da amini wanda munka tashi tare, ƙofar gidansu na kallon tamu. Shi marini ne, kullum hannunsa shuɗi har gwiwar hannu. Ya riga ni aure, matarsa na goyon jaririya. Da babban yaƙin Turawa ya yi zafi anka zo neman samari, mai unguwa ya nuna gidajenmu duka biyu. Mota ta kai mu Gusau, jirgin ƙasa ya kai mu Ikko, daga nan munka hau ruwa har ƙasar Indiya. Ranar tafiya mahaifinsa ya kama hannuna ya ce tare munka tafi, tare yake son mu dawo. Na amsa masa da to, kamar abin a hannuna yake.

A can ba a ba mu bindiga mun shiga daji ba. Aikinmu shi ne shiga jirgin sama da buhunan shinkafa da akwatunan harsashi, idan anka iso bisa kurmin ƙasar Bama inda sojojinmu suke, mu tura kayan ta ƙofa. Kusa da sansaninmu akwai filin da ake koyar da sojojin da ke dira daga sama da laima, mukan zauna mu yi kallo. Akwai Ingilishi, akwai Indiyawa, akwai wasu gajerun mutanen duwatsu masu lanƙwasasshiyar wuƙa waɗanda ke faɗowa shiru kamar ba su san tsoro ba. Amirkawa kuwa laima biyu suke ɗaurawa, guda a baya guda a ƙirji, idan ta farko ta ƙi su ja ta biyu. Ingilishi guda suke ɗauka. Aminina ya taɓa tambayar sajenmu dalili, ya ce masa su ƙasa-ƙasa suke dira don kada abokan gaba su harbe su suna lilo a sama, kuma a wannan tazarar ko kana da ta biyu ba za ta samu lokacin buɗewa ba. Aminina ya yi dariya ya ce ashe kowa da irin tawakkalinsa. Mu ba a koya mana dira ba. An dai ɗaura mana laima, an nuna mana ƙarfen da ake ja, an ce ba za mu taɓa buƙatarta ba.

Wata rana da hantsi mun gama tura kaya, jirgi yana ƙasa sosai har ina ganin rassan itatuwa ɗaya-ɗaya, sai munka ji wani abu ya bugi fiffike. Hayaƙi ya cika cikin jirgin. Baturen da ke tare da mu ya yi ta nuna ƙofa yana ihu. Ni ne kusa da ita, ban ma yi shawara ba, ya ingiza ni. Na ja ƙarfen, laima ta fizge ni, kafin in gama salati na afka cikin reshe, ƙashin cinyata ya karye. Ina rataye a nan na ɗaga kai na ga aminina ya fito. Jirgin ya riga ya ƙara yin ƙasa. Laimarsa ta fito kamar doguwar tsumma tana binsa, ba ta cika da iska ba, ya wuce cikin itatuwa can gangaren wani kwazazzabo. Sojojin da sunka sauko da ni sun neme shi ba su same shi ba, kuma ba a bari sun daɗe suna nema ba.

Na zaci wahalar ta ƙare a asibiti. Ashe a gida take jirana. Na dawo Sakkwato ina ɗingishi, tun kafin in sha ruwa na tsallaka gidansu. Abin da hukuma ta aiko musu da shi tuntuni shi ne ba a san inda yake ba, ba a ce ya mutu ba. Na durƙusa gaban mahaifinsa a zaure na faɗa masa abin da idona ya gani. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce ya san mutum na mutuwa da takobi, da ruwa, da zazzaɓi, amma bai taɓa jin wanda ya faɗo daga sama rataye da tsumma ba. Ya ce idan gaskiya ne, ya aka yi tawa ta buɗe tasa ta ƙi? Ya ce in faɗi gaskiya, an kama ɗansa na gudu na bar shi. Ya hana a yi zaman makoki, ya hana a yi sadaka, ya ce ɗansa na nan da rai wurin waɗanda sunka kama shi.

Maganar ta bazu a unguwa. Wasu sunka ce ƙarya nake, wasu sunka ce yaƙi ya taɓa mini kai. Idan na bi ta kasuwa sai in ji ana cewa ga wanda ya faɗo daga sama. A majalisa kuwa masu son hira sukan kira ni su tambaye ni tsakanin Ingilishi da Amirkawa da Jamusawa wa ya fi iya dira, su yi ta gardama suna dariya, ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake kwana. Ko bisa soro ban iya hawa. Mahaifina ya sa anka yi mini rubutu na sha, ya ce in daina ba da labarin. Wadda ta fi ni shiga uku ita ce matar aminina. Ba ta zama mai takaba ba, ba ta zama mai miji ba. Danginta sun kai magana gaban alƙali, anka kira ni shaida. Alƙali ya yi mini tambaya cikin mutunci, ko na ga gawa, ko na taɓa ta. Na ce a'a. Ya ce to sai ta jira iyakar abin da shari'a ta tsara. Ta fito tana kallona, ban san ko haushina take ji ko tausayina ba. Yarinyar da munka bari a goye ta yi wayo tana cewa babanta na hanya.

Shekaru sun shuɗe a haka. Wata rana bayan la'asar mahaifiyarsa, wadda tun ina yaro nake kira Inna, ta aiko in zo, maigidan ya tafi gona. Na same ta zaune bakin murhu, ta rame ƙwarai. Ba ta tambaye ni laima ko jirgi ba. Ta ce, "Ɗana, abu guda nika son sani. Ya yi kalmar shahada?" Na so in ce mata e, don in sanyaya mata rai, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, ƙarar jirgi ba ta bari an ji komi ba. Amma kafin a tura ni na waiga, na ga leɓensa na motsi." Sa'an nan ta ce da maƙaryaci ne ni da na ce na ji da kunnena. Ta tashi ta ɗebo gero ta zuba a turmi. Da maigidan ya dawo ya tarar ana rabon gumba a ƙofar gidansa. Bai hana ba, bai kuma ci ba. Har Allah Ya karɓi ransa bai sake amsa sallamata ba, kuma ina cikin waɗanda sunka ɗauki makararsa.

Abin da na koya shi ne, wanda ya tsira ma yana da nasa kabarin da yake yawo da shi. Ban riƙe tsohon nan a zuciya ba, na gane cewa ƙaryata ni ya fi masa sauƙi da binne ɗan da bai ga gawarsa ba. Amma nakan yi nadamar alkawarin da na ɗauka a ƙofar gidansa, na abin da ba ni da iko a kansa. Samarin da nake ji yanzu suna sha'awar sojan sama, suna gardamar wace ƙasa ta fi ƙarfi, ina roƙonsu su tuna kowane mai dira yana da uwa a gida. Ku kuma jama'a, idan wani ya dawo muku daga wurin da ba ku taɓa zuwa ba, ya faɗi abin da hankalinku bai ɗauka ba, kada ku yi masa dariya, kada ku tuhume shi don ya dawo da rai. Ku ba shi wuri ya zauna, ku bar shi ya gama maganarsa. Mai karatu, idan ka kai nan, ka yi wa wani marini ɗan Ƙofar Kware addu'a. Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa sutura ba, yana can ƙarƙashin itatuwan da ko sunansu ban sani ba.