Kazar da Ban Karya Ba

A mulkin farar hula na biyu, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi, ina aiki a motar asibiti ta Boɗinga. Ni ke ɗaukar marasa lafiya in riƙe su har Sakkwato. Karatuna bai wuce firamare ba, amma babban malamin asibitinmu ya sa sunana cikin masu zuwa kwas na taimakon gaggawa a Sakkwato, ya ba ni mako biyu in kawo amsa. Kawuna kuwa mai ɗori ne a wani ƙauye kusa da Shagari, ba shi da ɗa namiji, ni yake so in gaje shi. Tuwo ya daina shiga. In na ƙi kawu na ɓata zumunci, in na ƙi kwas na yi wa malam butulci.

Na tafi wurin kawu in gwada. Kwanana uku aka kawo wani dattijo makiyayi da sa ya karya wa ƙwauri. A al'adar gidanmu, in an ɗora mutum sai a karya ƙafar kaza, ita ma a ɗaure ta da kara. Ranar da ta taka, ranar mai karaya zai gwada tashi. Kawu ya miƙo mini kazar.

"Zagaya baya ka karye ta."

Na zagaya. Ta dube ni, na dube ta. Na yi bisimilla sau uku, hannuna ya ƙi. Sai na naɗe lafiyayyar ƙafa da kara da tsumma, na kawo ta ina gumi.

Washegari da hantsi ta tsige tsumman da baki, ta bi fara a guje har gindin rumbu. Dattijon yana kallo daga tabarma.

"Allahu akbar! Mai ɗori, hannunka da albarka. Miƙo min sandata, shanuna na jira!"

Ya fara yunƙurawa. Na yi tsalle na danne masa kafaɗu.

"Baba, don Allah kwanta! Ban karya ta ba, lafiyayya na ɗaure."

Kawu ya duba ɗorin tukuna, ya ga bai goce ba. Sannan ya zauna ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Wanga aiki ba naka ba ne, ɗana. Tai Sakkwato, can ba a karya kaji. In ka koyo, ka zo ka gwada min yadda hoton ƙashi yake."

Dattijon ya koma ya kwanta yana ƙunƙuni. "Kazag ga ta hi ni sa'a."

Ranar Litinin na kai wa malam amsa cewa za ni kwas. Da zan taho kawu ya ba ni kazar, na ɗauko ta a kan cinya har Boɗinga. Duk hanya ina taɓa ƙafar, ko kara ya ji mata ciwo.