Saman Buhu

"Kilo tamanin ka ce, Malam. Ina tamanin ɗin?"

"Takarda ba ta yi ƙarya ba, Alhaji."

"To takardar zan shafa wa ajujuwan?"

Ta katangar bayan gida muka jiyo su, gab da la'asar. Alhaji Aƙilu ɗan kwangila ne. Shekarar da aka yi ta gina firamare ko'ina ya samu aikin fentin aji sittin, fentin da ya yi oda kuma ya maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas.

Wanda yake wa faɗan Maharazu ne. Shekara tara ya yi yana wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare, yana tsintar lissafi a bayan ɗalibai. Shi ya ce wa Alhaji akwai rawayar ƙasa da ake haƙowa a gindin duwatsu, in an gasa ta sai ta koma ja. Ya rubuta masa: kilo tamanin da tara na zallarta, tara ruwa ne, zai bi hayaƙi, tamanin garin fenti. Ran nan Alhaji ya kira shi Malam, ya ba shi ɗaki a bayan gidansa na Nassarawa, da famfo da lantarki. Luba matar Maharazu ta huta da jan guga a unguwarsu ta Kaura Goje.

Cikin tafi ɗaya na ƙasar Maharazu ya gwada, daga bakin buhu. Da mota ta sauke buhu ɗari biyu, ashe taƙi guda ne mai kyau a saman kowane buhu, ƙasansa yashi da tsakuwa. Kowane kilo tamanin da tara ya ba da talatin da ɗaya. Mako uku yana rairaya yana gasawa har tafukansa suka tsage. Alhaji ya ce ran Juma'a ko gari ko mukulli.

Maharazu fa ɗan manomi ne. Ya sayar da gero a kasuwa, ya san ba a yarda da buhu sai an zura hannu har gwiwa. Ba mantuwa ya yi ba. Tsoro ya ji kada ya taɓo yashi tun ran farko, ya koma wankin kwalabe.

Ran Juma'a Luba ta ƙulle tukwanenta a zane. A bakin ƙofa Maharazu ya miƙa wa Idi maigadi mukullin.

"Allah Ya sa haka ne mafi alheri, Malam," in ji Idi.

"Lissafin daidai yake, Idi. Hannuna ne na ƙi zurawa."