Shamsu Saheb, An Rushe Tsohuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, ana cikin ruwan da ya kwana uku bai ɗauke ba, 'yar Shamsu Saheb, Nasrin, ta kira ni bayan azahar. Ko sallama ba ta yi ba, ta kira ni da Mamu, wato kawu a bakinmu, ta ce, "Yunus Mamu, Abba ya tafi." Haka Allah Ya karɓi ran Shamsuddin Parkar, mai awo da tantance tsofaffin gine-ginen gaɓar tekunmu, yana da shekara hamsin da tara, bayan jinyar wata biyar.

Shamsu Saheb, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, ni ne Yunus Hodekar na ƙauyen Belkhadi, malamin firamaren da ka mayar mai riƙe maka bakin igiyar awo shekara ashirin da biyu, ladana shayi da faɗa. Takarda irin wannan yabo da addu'a ya kamata ta ƙunsa. To, ka san halina, ban iya haɗiye magana ba. An ci amanarka, kuma ni ma akwai abin da na ɓoye maka, yau zan faɗa.

Babu ganuwa, ko dandalin igwa, ko matakalar sauke kaya, ko rumbun gishiri a wannan gaɓa da ba ka auna ba. Kowane gini ka rubuta irinsa, na yaƙi ne ko na tashar jirgi ko na ibada, sannan ka ba shi aji. Aji na ɗaya ba a taɓa shi. Na biyu a gyara shi da izini. Na uku a ɗauki hotonsa a ajiye, duk mai bukatar filin ya kawar da shi. Kai ka sha gaya mini cewa alƙalamin mai ba da aji ya fi igwa ɓarna, domin igwa tana barin kango.

Abin da ya raba ka da sauran mutanen ofis shi ne ba ka taɓa yarda ka yanke wa gini hukunci daga tudu ba. Kullum maganarka, ginin teku daga teku ake kallonsa. Ga shi kuwa teku ba ta ƙaunarka. Da zarar kwale-kwalen tsoho Sakharam ya bar bakin ruwa, sai amai. Hannu ɗaya a gefen jirgi, ɗaya riƙe da littafi. Sakharam yakan ce, "Saheb, kifayen nan sun gane ka, da sun hango hularka suke taruwa jiran karin kumallo." Ka goge baki ka ce, "Tuƙa kawai, tsohon banza." Washegari kuma ka kawo masa maganin ciwon gwiwa daga birni.

Matan unguwar ƙasa ba za su manta da kai ba. Shekarar da aka sa tsohuwar ganuwa a aji na ɗaya, aka zo za a zagaye ta da waya har da rijiyar da ke gindinta, wadda ita kaɗai ce ba ta gishiri a watan zafi. Ka koma ofis ka zauna wata guda kana rubuce-rubuce, har ka ware rijiyar a takardarta daban, ka rubuta cewa ɗiban ruwa shi ne kiyaye ta. Har gobe suna ɗiba. Da suka aiko maka da kwandon mangwaro, a ajina ka rabar da shi.

Sai maganar Tsohuwa. Ga wanda bai san Belkhadi ba, wani dunƙulallen gini ne na jan dutse a kan hancin tudu, tsayinsa ƙafa goma sha takwas, ba ƙofa, ba taga, ba matakala. Mu dai mun tashi mun tarar ana ce mata Tsohuwa. Duk ƙarshen damina, kafin jirage su koma ruwa, ranar da maƙwabtanmu Hindu suke jefa wa teku kwakwa, Musulmi da Hindu mukan haɗu mu shafe ta da farar ƙasa daga sama har ƙasa. Mutanen ofis sun rasa inda za su sa ta a fom ɗinsu. Wani ya ce hasumiyar tsaro ce, aka ce ta ina mai tsaron zai hau? Wani ya ce kabari ne. Kai sai ka loda su a jirgin Sakharam, da takalmansu masu sheƙi, aka fita har bayan duwatsun nan da muke kira Haƙora. Ka ce su juya su dubi tudu. Idan farin Tsohuwa ya daidaita da tsagin dutsen da ke bayanta, wannan layin shi ne kaɗai hanyar shiga da jirgi zai bi bai fashe ba. Babu ɗan masunci da bai san haka ba, amma kafin kai babu mai biro da ya taɓa tambaya.

Suka ce sun ji, sai dai ina shaidar tsufanta? A nan ne ka yi abin da har yanzu ban manta ba. Ka sa 'yar wuƙarka ta fere fensir ka yanko ɓawon farar ƙasar tun daga waje har jikin dutse, kaurinsa ya kai yatsa huɗu. Ka zauna a ƙasa kana ƙirga shafi bisa shafi, kowane shafi damina ɗaya. Ɗari da sittin da uku. Ka ce, "Ga rajistarta nan, kakannin waɗannan mutane ne suka rubuta." Shekara bakwai kana jayayya kafin aka ƙara sabon layi a fom, alamar hanyar teku, aka kuma ba Tsohuwa aji na ɗaya, da sharaɗin a ci gaba da shafa mata farinta.

Ka tuna wanda ya riƙe maka madubin ƙara girma a ranar ƙirgar nan? Mubin Kapdi. Kai ka tsinto shi da takardar digiri yana yawo ba aiki. A ɗakinka na waje ya zauna shekara uku, matarka Razia, wadda muke kira Bhabhi, wato matar yaya, tana zuba masa shinkafa da miyar kifi kafin ta zuba wa 'ya'yanta. Kai ka koya masa riƙe fensir, kai ka je nema masa aure. Ranar, da ka kai ɗari da sittin da uku, na ga hawaye a idonsa da idona.

A watan Fabrairu ɓarin jikinka ya shanye, aka ba Mubin riƙon kujerarka. A watan Afrilu wani kamfani da yake son hancin tudun don gina wurin lodin jirage ya nemi a sake duba ajin Tsohuwa. Da baƙo ne ya zo, da bai san ta inda zai kama ba. Amma da ɗan gari akan ci gari. Na ga takardar, na san rubutun Mubin kamar yadda na san nawa. Layi uku ne. Wai ainihin fuskar ginin ta ɓace a ƙarƙashin shafe-shafen farar ƙasa na 'yan ƙauye, saboda haka babu sauran ƙimar tarihi a jikinsa, a mayar da shi aji na uku. Shaidar da ka kafa ta da ita, da ita ya kayar da ita, Saheb! Ko jirgi bai shiga ba. Daga cikin mota ya ɗauki hoton.

Ni da Sakharam muka same shi a ofis, a kan kujerarka, har matashin da Bhabhi ta ɗinka maka yana jingine da shi. Na ce, "Mubin, kai ne fa ka riƙe madubin." Ya ce, "Yunus Mamu, zamani ya canja, yanzu kowane jirgi da waya mai nuna hanya." Sakharam ya ce, "To, Saheb ƙarami, ranar da ruwa ya jiƙa wayar, lambarka za mu kira ka zo ka tsaya a kan tudu da farar riga?" Bai yi dariya ba, bai kuma ɗago ya dube mu ba. Ban ce ya karɓi wani abu ba, don ban gani ba. Na dai ga an tabbatar masa da kujerar tun kana numfashi.

Ranar sha huɗu ga Mayu katafila ta hau tudu da hantsi. Kafin azahar ta gama. Duwatsun an zuba su cikon hanya, motocin kamfanin suna bi ta kai.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga nawa. Duk Juma'a nakan zo gaishe ka, bakinka a karkace, da ƙyar kalma take fita, amma tambayarka ɗaya ce: "Tsohuwa fa?" Sau takwas ka tambaye ni bayan an rushe ta, sau takwas na ce tana nan ƙalau. Na gaya wa kaina tausayinka nake ji. Gaskiyar ita ce tsoro na ji, ba zan iya kallon fuskarka ba idan ka ji sunan wanda ya sa hannu. A zuwana na ƙarshe ka ce in gaishe da Mubin, in ce masa ya tuna wa mutane su jiƙa farar ƙasa da wuri. Na ce to.

Saboda ƙaryata ka bar wasiyya kada a kai ka maƙabartar gidanku a birni, a binne ka a tudun Belkhadi, inda ake hango Tsohuwa. Nasrin ta cika maka. Muka hau da kai cikin ruwa da taɓo, Mubin ne a gaban makara, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ubansa ya rasa. Da muka gama, Nasrin ta aiko daga ƙasan tudu tana tambaya ko ana ganin Tsohuwa sosai daga wurin. Abin da ake gani daga kabarinka tulin yashi ne da ƙarafa.

Ban yafe wa Mubin ba, ba zan yi ƙarya a kan wannan ma ba. Na bar shi da Wanda ba a sauya Masa takarda. Kai kuwa ina roƙonka gafara, ko da yake na makara.

Allah Ya jiƙanka, Shamsu Saheb, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Duk jirgin da ya shigo lafiya a shekarun da ka tsare mana alamarmu, da duk tulun da aka cika a rijiyar nan, Allah Ya sa su a mizaninka, Ya sada ka da Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Razia Bhabhi, da Nasrin da ƙaninta Tanwir, da dukan zuriyar Parkar, da masuntan gaɓar nan na kowane addini. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saƙonka na isar, ba ga Mubin ba, ga matan unguwar ƙasa. An jiƙa farar ƙasar da wuri kamar yadda ka ce, tana nan cike da rami a bayan gidan Sakharam. Saura sati uku jirage su koma ruwa, kuma har yanzu ba mu san abin da za mu shafa wa ba.