Indo da Sabon Idonta

Indo matar Maharazu ta cika kallon mutane, kuma ba ta taɓa musantawa ba. Idan aka ce mata ta faye sa ido, sai ta ce ai don kallo aka yi shi. Abin da ya rufa mata asiri shi ne idonta na hagu. Da harara-garke aka haife ta, na dama yana kanka, na hagu ya tafi wajen kunne. Don ta ga abu sosai sai ta karkatar da fuska gefe, ta leƙo da na daman.

Gidan da ta yi aure a Aujara asalinsu makiyaya ne, shanu sun ragu amma kunya tana nan. A gidan, matar ɗa ba ta haɗa ido da uwar miji. Da Inna, mahaifiyar Maharazu, ta ga amarya tana gaishe ta fuska a kauce, sai ta ce ɗanta ya samo 'yar mutunci. Shekara ashirin da wani abu tana yabon kunyar nan a gaban baƙi. Ita kuwa Indo duk tsawon lokacin ƙare wa tsohuwar kallo take yi, ta san haƙorin da ya fita da wanda ya rage. Ba yaudara ta shirya ba. Ba ta ma san dalilin yabon ba, ta ɗauka halinta ne mai kyau.

Sana'arta ɗinkin hula. Da shekaru suka ja, sai ciwon kai ya matsa mata, in ta daɗe a kan allura sai wuyanta ya ƙage. Da aka ji likitocin ido sun zo Dutse, Maharazu ya kai ta. Suka ce jijiyar da ke jan idon za a gyara, kuma girma ba ya hanawa. Aka yi aikin, ta dawo gida da bandeji.

Da aka cire, idon ya yi ja jawur, yana mata kamar an zuba yashi. An hana ta kwalli, an hana ta zama kusa da murhu, sai maganin ɗigawa safe da yamma. Abin da ya fi damunta shi ne komai ya zama biyu. Buta biyu, akuya biyu, Maharazu biyu. In za ta zuba koko sai ta runtse ido ɗaya, in ba haka ba a ƙasa zai ƙare. Murja ƙanwar mijinta, wadda ta zo daga Jahun don ta riƙe mata girki, ta samu abin tsokana.

"Matar Yaya, wanne za ki ba tuwo, na dama ko na hagu?"

"Duk wanda ya kawo cefane," in ji Indo. "Ke ma biyu nake ganinki, kuma ba mai kyau a ciki."

A hankali jan ya washe, abubuwa suka koma ɗaya-ɗaya, wuya ya saki. Ta ɗauki allura ta zura zare ba ta karkata kai ba. Ta ɗauka ta gama warkewa ke nan.

Sai Inna ta fara canjawa. Indo ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta kai mata tuwo, kwanon ya dawo an ɗan taɓa gefe. Wata safiya Maharazu ya shigo, ya ce Inna ta ce a nemo mata mota, za ta koma Kafin Hausa wajen ƙaninsa. Ya tambaye ta dalili, ta ce babu komai. Kowa ya san idan tsohuwa irin Inna ta ce babu komai, akwai.

Indo ta binciki kanta ba ta ga laifi ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta rage nama a miya ba. Abin ya tsaya mata, don Inna ce ta yi mata wankan jego duk haihuwarta, kuma tafiya irin wannan ba a cika dawowa daga ita ba. Murja ce ta fasa maganar suna tsinkar zogale.

"Wai ke da gaske ba ki sani ba?"

"Da na sani zan zauna ina tsinkar ganye da ke?"

"To kallonta kike yi. Ƙuri, ido cikin ido, kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo. Ta ce tun da aka gyara miki ido kika daina ganin girmanta."

"Ni? Ai haka nake kallonta tun ina amarya!"

Murja ta saki reshen da ke hannunta, ta yi dariya har da tari. Indo ba ta yi ba. A nan ta gane cewa abin da 'yan mata ke koya tun suna ƙanana, na sunkuyar da kai a gaban manya, ita ba wanda ya taɓa koya mata, don kowa ya ɗauka ta iya. Ta yi tunanin ta ce wa Inna maganin ne ke kafar mata da ido. Da ta faɗi haka da an wuce wurin, amma magani zai ƙare, idon kuwa yana nan.

Ta tashi ta tafi ɗakin tsohuwar. Ta tarar da ita ta ƙulle kayanta a zani. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaya mata gaskiya duka, cewa kunyar da ake yabo wuya ne karkatacce.

Inna ta juyo ta dube ta.

"Wato duk shekarun nan kina kallona."

"Ina kallo, Inna."

"Har ranar da na ɓoye goro a ƙarƙashin tabarma na ce ya ƙare?"

"Har ranar."

Tsohuwar ta ja tsaki, amma ba tsakin fushi ba ne. Ta dafa ƙullin kayan, ba ta kwance ba, ba ta kuma ce a kira mota ba. Indo ta lura ko a lokacin idonta yana kan fuskar Inna, ta kawar da shi, ya sake komawa da kansa.

"Kin gani ko, Inna? Ban iya ba. In kin tafi ba mai koya mini, su Murja dariya kawai za su yi. Ki zauna ki nuna mini inda ake ajiye ido. In na manta na ƙura miki, kada ki mayar da tuwo, ki ce ke Indo, sauke."