Iya Bari-Ya-Gama da Littafin Amsoshin da Suka Makara

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ba ta taɓa riskarta a hanya ba. Kafin mai shara ya gama da baranda, ta riga ta buɗe ɗan ɗakin nan na ƙarshen bene, wanda aka manna wa soso a bango don kada hayaniyar waje ta shigo. Ta goge fuskar kwamfuta, ta gwada abin ɗaukar magana da “ɗaya, biyu, uku”, ta cusa kwali a ƙarƙashin kujerar nan mai ɗingishi, sannan ta ajiye kofin ruwa a gefen hagu na tebur. A hagu fa, domin yawancin baƙinta hannun dama ne ya mutu musu. Ba wanda ya koya mata wannan. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yi.

Wurin, cibiyar binciken harshe da ƙwaƙwalwa ce a jami'a. Manyan malamai na so su gane yadda ƙwaƙwalwa ke lalubo kalma ta miƙa wa harshe, har su koya wa kwamfuta kwaikwayon hakan. Saboda haka suke gayyato mutanen da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa baki. A nuna wa mutum hoto, tsani ko akuya ko agogo, ya faɗi sunansa, kwamfuta ta auna lokacin da ya ɗauka. Sakan goma take bayarwa. In bai amsa ba, ta rubuta sifili ta kawo hoto na gaba.

Ita matar da nake yi wa wannan jinjina ba farfesa ba ce, ba dakta ba ce. A takarda, mataimakiyar ɗakin gwaji ce kawai. Amma tambayi kowa a benen nan ina Iya Bari-Ya-Gama, zai nuna maka ƙofarta. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, don da zarar wani mai rawar kai ya buɗe baki zai ƙarasa wa mara lafiya kalma, sai ta ɗaga tafin hannu ta ce, “A'a, ɗan nan. Bari ya gama.” Har wani babban baƙo mai kwat da takalmi ƙwas-ƙwas ya taɓa shan wannan tafin hannun, ya haɗiye maganarsa kuwa.

Abin da ya fito da ƙimarta fili shi ne zuwan Baba Tela. Mutum ne da ya shekara arba'in a kan keken ɗinki, wanda aka ce shagonsa ba ya rabo da masu zuwa shan hira. Rana ɗaya ya faɗi, ya tashi ba baki. 'Yarsa ce ke kawo shi duk Talata, ta riƙo shi suna hawa benen taki ɗai-ɗai. Zama na farko, sifili. Na biyu, sifili. Ƙa'idar cibiyar kuwa ita ce, wanda ya yi sifili sau uku a sallame shi, domin an ɗauka kalmomin sun goge daga kansa. Wanda aka sallama kuma ya rasa gurbi a ajin koyon magana da cibiyar ke yi wa masu zuwa gwaji.

Bayan zama na biyu 'yar ta tare ta a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya don kada tsohon ya ji.

“Iya, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Maganar Baba ta tafi ke nan?”

“Wa ya ce miki ta tafi?”

“Ga shi na'urarku ta ce bai san komai ba.”

“Na'ura ba ta da kunnen jira, 'yar nan. Ki kawo mini shi Talata.”

Ta faɗi haka ne don ta ga abin da kwamfuta ba ta gani ba. Hoton almakashi ya fito, Baba Tela ya ƙura masa ido, leɓensa na rawa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Sakan goma suka cika, almakashi ya ɓace, akuya ta fito. Can sai ga murya a shaƙe: “Al... makashi.” Kwamfuta ta duba, akuya ce a gabanta, ta rubuta kuskure. Haba! Tela ne zai manta almakashi? Abin ya yi wa Iya ciwo ƙwarai, ta kuma rubuta shi a littafinta. Ashe tun shekarun baya take da wannan ɗabi'a: duk amsar da ta iso bayan hoto ya wuce, sai ta duba agogon hannunta ta rubuta kalmar da lokacin da ta iso. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa tambaya.

Ranar Litinin ta ɗaure littattafan nan guda tara da igiya, ta ƙwanƙwasa ofishin Farfesa, shugaban cibiyar. Mutumin kirki ne, amma in ya riƙe ƙa'ida ko da gatari ba ka raba su.

“Ranka ya daɗe, a kan Baba Tela na zo. Kada a sallame shi.”

“Iya, sakan goma ne ga kowa. In na ƙara wa ɗaya, awon ya lalace.”

“To wa ya yanka goman, ranka ya daɗe?”

“Haka ake yi ko'ina.”

“Ni dai ban san ko'ina ba, ɗakin can na sani.” Ta sauke littattafan a kan teburinsa. “Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ga waɗanda suka zo bayan an rufe ƙofa.”

Ta san mai ƙaramin matsayi bai cika gyara wa farfesa lissafi ya kwashe lafiya ba. Shi kuwa ya gyara tabarau ya buɗe shafin farko da niyyar leƙawa kawai. Shayinsa ya huce a wurin. Ya sa aka ɗauko tsofaffin muryoyin da aka ɗauka, ya saurara, ya tarar kowace kalma na nan daidai inda ta rubuta: wannan a sakan goma sha huɗu, wancan a ashirin da biyu. Da ya ɗago, abin da ya ce kawai shi ne, “Iya, mutum nawa muka sallama a kan kuskure?” Ta nuna masa littattafan.

Talata aka cire wa kwamfuta wa'adinta. Hoto arba'in aka nuna wa Baba Tela, ya kira ashirin da shida. 'Yarsa na kallo ta gilashin ɗakin, ta toshe baki da gefen mayafi tana kuka. Ba a sallame shi ba. Aka kuma bi sawun waɗanda aka sallama a baya, aka dawo da waɗanda aka samu. Daga littattafan nan tara aka fitar da binciken da cibiyar ke tinƙaho da shi har yau, mutum biyu suka zama daktoci a kansa. Sunanta fa? Can ƙasan shafin rahoton binciken, cikin ƙananan baƙaƙe: “da ma'aikatan ɗakin gwaji.” Wannan kam ya tsaya mini a rai. Ita da aka nuna mata dariya ta yi, ta ce ai ba suna ta je nema ba.

Makon jiya ta yi ritaya. An taru a babban ɗakin taro, masu digiri sun yi jawabai dogaye. Can sai ga Baba Tela ya miƙe da sandarsa, 'yarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya fuskanci Iya, ya buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa. Shiru ya yi tsawo. Wani sabon dakta, don tausayi, ya ɗaga hannuwa zai fara tafi ya fitar da tsohon daga kunya. Kafin Iya ta motsa, Farfesa da kansa ya ɗaga tafin hannu. Ɗakin ya yi tsit. Aka jira, aka ƙara jira.

“Ta...” in ji Baba Tela. “Ta... jira ni.”

Ya zauna. Iya da ba a taɓa ganin hawayenta a wurin aiki ba, ranar ta kasa ɓoye su.

Iya, ke ce kunnen da ba ya gajiya. Ke ce kika tsaya a bakin ƙofa bayan na'ura ta rufe ta, kina karɓar waɗanda suka makara. Masu ilimi sun auna magana, ke kika saurari mai maganar. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa hutun nan ya zame miki na lafiya, ya ba ki masu jiran ki ranar da taki ƙafar ta yi nauyi.

Mu kuma da muka rage, ba sai muna da ɗakin gwaji ba. Akwai tsoho a gidanka da ke laluben sunan jikansa, akwai mai in'ina a wurin aikinki da kowa ke ƙarasa wa zance. In ya tsaya, harshenka ya fara ƙaiƙayi, ka tuna da matar nan ta ƙarshen bene. Bari ya gama.